Ni da matar yayana mun daina magana saboda fim ɗin Koriya

Wanda bai kalli Start-Up ba kuma yana da niyyar kallo, ya sani wasiƙar nan da amsarta sun faɗi yadda ya ƙare.

Assalamu alaikum. Ni budurwa ce, gida ɗaya muke da yayana da matarsa, su suna sashensu, ni ina wajen Hajiyarmu. Tun da aka kawo Anti muke shiri, bayan isha'i a ɗakinta nake, muna kallon fina-finan Koriya. Muka kalli Start-Up, ni ina bayan Han Ji-pyeong, ita tana bayan Nam Do-san. Da aka zo ƙarshe yarinyar ta zaɓi Do-san, Anti ta dinga yi mini dariya. Raina ya ɓaci, na ce ai duk macen da ta ga Do-san ya fi, ba ta san halacci ba, irinsu ne masu manta alheri. Wallahi fim nake nufi. Ta yi shiru. Bayan kwana biyu ina tsakiyar kallon Reply 1988, ta zo wucewa ta ƙofarmu ta faɗi sunan wanda yarinyar za ta aura. Na mayar mata da magana, murya ta tashi. Yau sati uku ke nan daga gaisuwa ba ƙari. Hajiya ta ce kada ta ƙara jin yaren Koriya a gidanta, Yaya kuma ya ce dama fina-finan nan ƙarya ce da ɓata tarbiyya. Ku gaya mini tsakani da Allah, wa ya fi gaskiya a kan fim ɗin? Yaya zan yi mu shirya? Kuma in daina kallon ne?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambaya uku kika yi, kuma wadda kika sa a gaba ita ce ƙaramar cikinsu. Amma mun san ba za ki natsu ki ji sauran ba sai an taɓo miki ita, don haka bari mu fara daga nan.

Musun nan ba a ɗakin Anti aka fara shi ba. Lokacin da tashar tvN take nuna Start-Up, daga Oktoba zuwa Disamban 2020, masu kallo a Koriya da wajenta sun rabu gida biyu a kan mazan nan, kuma har aka gama ba su daidaita ba. Dalilin yana cikin yadda marubuciyar, Park Hye-ryun, ta gina kashi na farko. Mafi yawansa a kan Ji-pyeong ya tafi: maraya ne da ya fito daga gidan marayu ba shi da wurin sa haƙarƙari, kakar Dal-mi, jarumar shirin, ta ba shi makwanci a shagonta, sannan ta roƙe shi ya riƙa rubuta wa jikarta wasiƙu don ɗebe mata kewa bayan rabuwar iyayenta. Sunan da suka sa a ƙasan wasiƙun, Nam Do-san, a jarida suka tsinto shi, sunan wani yaro ne da ya ci gasar lissafi. Shi Do-san ɗin na gaske, da girmansa, sai can ƙarshen kashin ake ganinsa. Mai kallo kuwa wanda ya fara tausaya wa shi yake riƙewa. Kafin a gabatar miki da jarumin shirin, an riga an karɓe zuciyarki an ba wani. Saboda haka abin da kika ji ba shirme ba ne, kuma wanda ya ce marubuciyar ta zuba wa Ji-pyeong jari fiye da yadda za ta iya biyansa a ƙarshe, ya faɗi gaskiya.

Sai dai Anti ta fi ki karanta inda labarin ya dosa. Akwai alamun da ba sa ɓuya. Na farko, jerin sunayen 'yan wasa: Bae Suzy (Dal-mi), sai Nam Joo-hyuk (Do-san), sannan Kim Seon-ho (Ji-pyeong). A shirin soyayya na Koriya, sunaye biyun farko su ne kusan kullum suke ƙarewa tare, na uku ko da ya fi kowa kirki sai dai ya yi rakiya. Na biyu, yadda Dal-mi take magana da su. Harshen Koriya yana bambanta maganar girmamawa da ta tsara, kuma har ƙarshen shirin da muƙaminsa na ofis take kiran Ji-pyeong, cikin harshen girmamawa, shi kuwa Do-san sunansa take kama kai tsaye kamar abokin wasanta. Ɗan Koriya yana jin wannan tazarar a kunnensa, mai karanta fassara a ƙasan allo ba ya ji, mai kallon wanda aka ɗora wa muryar Hausa balle shi. Na uku shi ne wanda magoya bayan Ji-pyeong ba sa son a tuna musu: da ƙafarsa ya je ya nemo Do-san, ya koya masa abin da zai faɗa, ya ara masa mota da gida don ya ci gaba da amsa sunan mai wasiƙun. Ya samu dama ba sau ɗaya ba ya ce ni ne, ya yi shiru. Halaccin da kike magana a kai, tsakaninsa da kakar ya fi ƙarfi, kuma a wannan ɓangaren shirin bai ci amanarsa ba.

Hukuncinmu ke nan: a kan ginin labari Anti ta fi ki hujja, a kan cewa an yi wa mai kallo alkawarin da ba a cika ba ke kika fi ta. A kan wanda ya fi dacewa da aure kuwa, babu mai gaskiya a cikinku, domin da gangan ake dasa tambayar yadda ba za ta amsu ba. Shiri irin wannan kashi 16 ne, ana sakin biyu a sati, Asabar da Lahadi, tsawon sati takwas. Daga daren Lahadi zuwa Asabar mai zuwa tashar tana buƙatar abin da zai hana mutane mantawa da ita, kuma ba abin da ya kai musu a kan maza biyu. Shi ya sa namiji na biyu yake zuwa da haƙuri da tarihi mai ban tausayi, kuma kullum sai ya makara da minti biyar. Jerin shirye-shiryen Reply, wato na 1997 da 1994 da 1988, a kan wannan dabarar ma aka kafa su ɗungurungum: ana nuna miki matar ta girma ta yi aure, a ɓoye miki mijin har kusan ƙarshe. Ku biyun kun yi abin da aka shirya ku yi ne, sai dai kun kai shi inda masu shirin ba su aike ku ba.

Yanzu ga abin da ya raba ku. Ki sake karanta maganarki: "duk macen da ta ga Do-san ya fi". Daga nan kin bar Dal-mi, kin koma kan mai kallo, kuma mai kallon da take gabanki mutum ɗaya ce. Kika ƙara da "masu manta alheri". Ke kin ce fim kike nufi, mun yarda. Amma matar da aka kawo gidan dangin miji da kunne biyu take sauraron ƙanwar mijinta, ɗaya na hira, ɗaya na auna ko saƙo ne daga cikin gida. Tana iya kwana tana lissafi: wane alheri aka yi mini na manta? Ko Hajiya ce ta faɗi wani abu a bayana? Ko gorin kayan ɗaki ne, ko na hidimar da aka yi mini lokacin da ba ni da lafiya? Wasa tsakanin matar wa da ƙannen miji abu ne sananne, ana tsokana a kan girki, a kan kwalliya, a kan saurayinki. Da zarar ya taɓa hali ko asali, ya tashi daga wasa ya zama habaici. Shirun da ta yi a daren shi ne alamar, kuma a daren ya kamata a kashe maganar.

Fasa miki ƙwan Reply 1988 da ta yi ramuwa ce, kuma ba ta kyauta ba. Amma ki auna su: ita ta rage miki daɗin fim, ke kin taɓa mutuncinta a gidan aurenta. Ke kika fara, naki ya fi nauyi, kuma ke ce ƙarama. Duk ta inda aka ɓullo, ke za ki taka. Kin kuma san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma wanda ya fara sallama shi ya fi. Gaisuwar da kuke yi ta rage abin, amma gaisuwar da ake yi ana kallon bango ba ta wanke zuciya.

Ki je ɗakinta da ƙafarki. Kada ki tura saƙo a waya, domin rubutu ba shi da murya, za ta karanta shi da sautin da ta ga dama, kuma abu ne da za a iya nuna wa wani. Ki zaɓi lokacin da Yaya ya fita, Hajiya ba ta kusa, ita kuma ba ta tsakiyar aiki, kamar da hantsi bayan ta gama shara da wanke-wanke. Idan kin tarar tana aikin, ki kama mata, hannu yana motsi baki ya fi saukin buɗewa. Abin da za ki faɗa gajere ne: "Anti, maganar da na yi ranar nan ta manta alheri, ban kyauta ba. Ba da ke nake ba, kuma ba wanda ya aiko ni. Ki yi haƙuri ki yafe mini." Jimlar tsakiyar nan, ta cewa ba wanda ya aiko ki, kada ki bar ta, ita ce take cire mata zargin cewa daga ɗakin Hajiya maganar ta fito.

Inda ake ɓata irin wannan zama wuri uku ne. Kada ki ce "idan ranki ya ɓaci", domin kin san ya ɓaci, kuma wannan "idan" ɗin yana mayar da laifin kanta. Kada ki ce "amma ke ma", ko da kalmar ta zo miki har maƙogwaro. Maganar Reply 1988 ki bar mata, idan ta ga dama ita za ta ɗauko, kuma galibi wanda aka fara ba haƙuri shi ma yakan ce a yafe masa. Kada kuma ki sako Ji-pyeong ko Do-san a zancen, ko da da wasa. Idan ta ce "ba komai" a taƙaice ba ta ɗago ba, ki karɓa a haka, ki yi sallama ki fito. Kada ki tsaya neman ta yi dariya a ranar. Gobe ki leƙa ki gaishe ta a ɗaki, jibi ki tambaye ta wani abu da kika san ta iya, ɗinki ne ko miya. Idan sati ya zagayo ba sauyi, sai ki nemi wata babba da take jin nauyinta, gwaggo ko yayarku mace. Kada ki sa Yaya a tsakiya, duk ɓangaren da ya karkata sai ya bar baya da ƙura.

Maganar Hajiya kuma, a fahimtarmu ba yaren Koriya ne ya dame ta ba, tashin murya tsakanin 'yarta da surukarta ne. Gidanta ne, ta yi umarni, ki bi. Kada ki koma kallo a ɓoye cikin bargo, ranar da ta kama ki laifi ya zama biyu. Ki bari sai ta ga kun koma cin abinci tare ke da Anti, sannan ki nemi izini, kuma ki zo mata da iyaka da bakinki: ba kallo sai an gama aikin gida da sallah, kuma ƙarfe kaza an kashe.

Iyakar nan kina buƙatarta ko ba don Hajiya ba. Kowane kashi na Start-Up ya haura awa ɗaya, gaba ɗayansa ya kai wajen awa 20. Reply 1988 kashi 20 ne, kowanne wajen awa ɗaya da rabi, wasu ma sun fi, kin ga ana maganar awa 30 ke nan. Mutanen da aka yi wa shi a sati goma suka kalla. Wadda ta karɓo shi duka a waya daga wajen masu turi ta cinye a kwana huɗu, barcinta ne ya biya, kuma mai ƙarancin barci ba ta da wuyar hasala a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kashi biyu a zama ɗaya ya isa. Ga wata dabara da take aiki: kada ki tsaya a ƙarshen kashi. Mintunan ƙarshe an ƙera su ne don su hana ki tashi, a nan ake buɗe ƙofa a ga wanda ba a zata ba, a tsayar da hoto, kiɗa ya tashi. Ki wuce ki kalli minti goma na farkon kashi na gaba, inda ake warware abin, ki kashe a wurin da labari ya lafa.

Shi kuwa Yaya, kada ki yi masa musun cewa babu abin ƙi, domin akwai, kuma zai fi sauraronki idan ke kika fara lissafa su. Shan giya a shirye-shiryen nan kamar shan ruwa ne, kwalaben soju ba sa barin tebur, gasasshen naman alade abincin hira ne, kuma shirin soyayya da wuya ya kai tsakiya ba a yi sumba ba. Akwai ma lokutan da suka taɓa mu kai tsaye. A 2017 tashar MBC ta nemi afuwa, har da harshen Larabci, a kan yadda shirin Man Who Dies to Live ya nuna Musulmi. A 2023 masu King the Land sun ba da haƙuri a kan wani yariman Larabawa da suka nuna mashayi mai bin mata. Su kansu 'yan Koriya ba sa haɗiye duk abin da aka ba su: a watan Maris na 2021 tashar SBS ta soke Joseon Exorcist bayan kashi biyu kacal, saboda masu kallo sun ce an murguɗe tarihin sarakunansu an kuma cusa kayan Sin a ciki, kamfanoni suka janye tallarsu. Batun ƙarya kuma, ɗan mai kuɗin da yake auren talaka a kowane shiri tatsuniya ce, har a can. Ƙasar da ake nuna miki cike da masoya ita ce wadda a 2023 ma'aunin haihuwarta ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙasa a duniya. Ko abincin da jaruma take ci da man da take shafawa a gaban madubi, sau da yawa talla ce aka biya, shi ya sa kyamara take daɗewa a kan kwalbar.

Amma "duka ɓata tarbiyya ne" ya yi faɗi. Koriya tana sa wa shirye-shiryen talabijin alamar shekaru, 7 da 12 da 15 da 19, kuma mafi yawan na dare 15 ne. Squid Game da The Glory na manya ne zalla, akwai kisa da azabtarwa ƙuru-ƙuru, ba na ɗakin da yara suke shige da fice ba ne. Ki duba alamar kafin ki karɓo, idan mai turin bai sani ba ki bincika sunan a intanet, aikin minti ɗaya ne. A ɗaya gefen akwai irin Jewel in the Palace na 2003, kashi 54, labarin yarinyar da ta tashi a madafar fada ta zama likitar sarki. Girki ne da magani da makircin fada, irin wanda ko Hajiya za ta iya zama ta bi. Idan kuna neman abin da za ku koma kallo tare ke da Anti, irinsa za ku ɗauka, ko Extraordinary Attorney Woo na 2022, inda kusan kowane kashi shari'a ce sabuwa kuma ba a raba masu kallo a kan maza biyu ba. Shirin da hotonsa ya nuna mace ɗaya a tsakiyar maza biyu, ku ɗaga masa ƙafa tukuna.

Ba mu ce ku daina musu ba, rabin daɗin kallon ke nan. Ku dai sa masa ƙa'ida tun kafin a kunna. Kafin kowa ta buɗe baki a kan shiri, ta tambaya: "Kina kashi na nawa?" Wadda take gaba ta tsaya a inda ta bayan take, har da fuska, domin murmushin "za ki gani" shi ma tonawa ne. Wadda ta kawo hujja ta faɗi kashin da wurin, a koma a duba, sau da yawa za ku tarar ɗayarku ta yi gyangyaɗi a wajen ko fassarar da ta kalla an yanke shi. Wannan yana faruwa sosai idan ɗaya ta kalli mai rubutu a ƙasa, ɗaya ta kalli mai muryar Hausa, domin masu ɗora murya sukan taƙaita, sukan kuma ƙara barkwancinsu, har mugu ya koma abin dariya. Sannan duk jimlar da ta fara da "irinku" ko "duk macen da", a haɗiye ta. A zagi Do-san, a zagi marubuciya, a bar wadda take zaune a gefe.

Reply 1988 kuma ki ƙarasa shi idan Hajiya ta sassauta. Ba za mu maimaita sunan da Anti ta faɗa ba saboda sauran masu karatu, amma sanin mijin bai rage miki abin kirki ba. Shirin na gidaje biyar ne a lungu ɗaya na unguwar Ssangmun-dong a Seoul, iyaye mata suna aika yara da kwanon abinci gida-gida har tebur ya cika da girkin maƙwabta, uba yana fama da bashin da ya tsaya wa wani, 'yar tsakiya tana kukan an manta da ita tsakanin yaya da ƙane. Tunda kin riga kin san inda aka dosa, ki sa ido a kan yaron da Anti ta ambata tun daga inda kika tsaya, za ki ga alamun da aka shuka waɗanda masu jiran ƙarshe ba su lura da su ba sai a kallo na biyu.